Kwastan da Zazzaɓin Hedimasta

A gidan kula da tsofaffin da ke ƙarshen layinmu, bayan kantin magani, akwai wata mata da ba ta taɓa yarda da hannun kowa ba. Za ta gaishe ka, ta tambayi iyali, har ta yi maka dariya, amma hannunka dai mai laifi ne a wurinta sai sabulu ya wanke shi. Aikin da aka ɗauke ta kula da tsofaffi ne: wanka, canjin zanen gado, ba da abinci, tura keke zuwa baranda. Aikin da ta ɗora wa kanta kuwa tsaron ƙofa ne, shi ya sa tsofaffin suka laƙaba mata Kwastan. Sunan ya bi ta har gida. Mijinta ma, in ya tabbatar ta yi nisa, haka yake kiranta.

Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, ta ba hamsin baya, da tabarau rataye a wuya wanda ba ta sawa sai za ta duba farcen mutum. In ka zo gaida tsohonka, kafin ka rufe baki daga sallama ta tare ka.

"Sannu da zuwa. Ga famfo can."

"Ai yanzu na wanke a gida, Anti."

"A gida. Motar da ka hau fa, ita ma ka wanke ta?"

Sai ta tsaya a kanka kamar mai gadin jarrabawa, tana kallon yadda kake cuɗa tsakanin yatsu. In tsautsayi ya sa ka yi gyaran murya, ta ɗago kai ke nan.

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Tarin."

"Ba tari ba ne, yawu ne ya sarƙe ni."

"Kowa yawu ke sarƙe shi a ƙofar nan. Ungo takunkumi, rufe hanci da baki."

Ƙanwarta ta ce da wannan hali aka haife ta, wai tun suna yara ba ta shan ruwa sai ta ɗaga kofin ta duba ƙasansa. Ita kuwa cewa take gidan ne ya koya mata. Ta fara aiki a nan bayan ta yi shekaru tana jinyar surukarta, har tsohuwar ta cika a hannunta. A shekararta ta farko wani jika ya zo da 'yar mura, ya rungumi kakarsa, sannan don ladabi ya bi ɗaki ɗaki yana miƙa hannu. Abin da ya zame masa atishawa da majina ya zame wa tsofaffi ciwon ƙirji. Kafin abin ya lafa gadaje da dama sun zama wayam, kuma ita ce ta naɗe katifun ta fitar da su rana. In ta ba da labarin takan ce, "Mutumin kirki ne fa ya kawo ta. Da mugu ne ai da na gane shi tun daga ƙofa."

Sai dai a faɗi gaskiya, yawancin zarginta a iska yake ƙarewa. Ta taɓa sa kuku ya zubar da tukunyar miya guda don ta ji wani wari, ashe ɓera ne ya mutu a bayan firji. Ta yi wata guda tana bin mai askin gidan da harara, ta rantse tawul ɗaya yake yi wa kowa amfani da shi, sai da ya zazzage jakarsa a gabanta, tawul suka zubo duk kala ɗaya. Ba ta ba shi haƙuri ba. Cewa ta yi, "To me ya sa ka saye su iri ɗaya in ba ka da abin ɓoyewa?" Mijinta, tsohon makaniki wanda baƙin mai ya riga ya zauna a layukan tafinsa, ya ce shi kaɗai ne a unguwa yake wanke hannu kafin ya wanke hannu.

Wata shekara wata mura mai zafi ta shigo gari. Sista, wato nas ɗin da ke shugabantar gidan, mace mai sanyin magana da ba ta maimaita umarni, ta kafa doka. Kowace safiya za a auna zafin jikin kowa da ɗan ma'aunin nan da ake saitawa a goshi, wanda tsofaffin ke kira bindiga. Duk wanda aka samu da zazzaɓi ko sabon tari, za a mayar da shi ɗakin ƙarshe ya zauna shi kaɗai har ya warke. Ɗakin ba shi da laifi: ga gado mai kyau, ga banɗaki, ga babbar taga mai gilashi tana kallon baranda. Amma tsofaffin Tasha suke ce masa, wai daga nan ake hawa motar da ba ta dawowa. Bindigar kuwa, ba sai an faɗa ba, hannun Kwastan ta faɗa.

A ɗaki na kusa da Tasha akwai Hedimasta da matarsa. Shi dogo ne, tsaf tsaf, ya yi shekaru yana shugabantar makarantar firamare, kuma har yanzu in ka yi masa magana sai ka ji kamar ka makara. Lafiyarsa lau, da ya so da yana gidansa. Saboda ita ya tattaro ya zo. Ita tsufa ya taɓa mata tunani: ba ta gane 'ya'yanta, ba ta riƙe sunan kowa, wani lokaci takan tambayi inda mahaifiyarta ta tafi. Shi kaɗai ta sani, yau a matsayin miji, gobe a matsayin yayanta. Sun haura shekara hamsin tare amma Amarya yake kiranta, har gidan duka ya ɗauka. Kuma kowa ya san abu ɗaya: Amarya ba ta cin abinci sai daga hannunsa. Ana kai musu tire, ya tura ƙofa, bayan wani lokaci ya fito da kwanuka wayam.

Rediyo ne ya fara tsaya wa Kwastan a rai. Hedimasta mutum ne da ya taɓa kai ƙarar agogon bango wai yana damunsa, sai ga shi yanzu da tsakar rana rediyonsa na ihu har kicin. Sannan ga kwat. Rana na dukan kwano, shi yana zaune da kwat har da maɓallin wuya. Abin da ya fi ba ta tsoro kuwa ladabi ne. Mutumin da kullum sai ya yi mata lacca a kan cewa bindigar nan ba ta kai ma'aunin da ake sawa a hammata ba, yanzu da ta shigo sai ya miƙo goshi yana murmushi.

"Ina kwana, 'yata. Harba."

Ta harba, ta ƙura ido, ta duba. Ba zazzaɓi. Lambar ma ta yi ƙasa da ta kowa.

Ga kuma Tela. Tela abokin Hedimasta ne, ɗan tsamurmurin tsoho mai barkwanci, wanda ya yi rayuwarsa a kan keken ɗinki har bayansa ya lanƙwashe. Sai ya tsiri zama a kujera daidai ƙofar Hedimasta, kuma duk lokacin da wani sauti ya fito daga ciki, shi ma sai ya saki tari mai ƙarfi yana buga ƙirji. Kwastan ta haɗa wannan da wancan, ta fito da amsa, kuma kamar yadda ta saba, ba daidai ba. Ta yanke cewa Tela ne mara lafiya, Hedimasta kuma yana ƙure rediyo don ya rufa masa asiri. Ta tasa ƙeyarsa har ofishin Sista.

Sista ta auna shi a goshi, ta auna a hammata, ta saurari ƙirjinsa gaba da baya.

"Baba, ƙirjinka ya fi nawa lafiya. Tarin me kake yi?"

"Sha'awa, Sista. Mutum ba zai yi tari don sha'awa ba?"

"A wannan watan? A'a."

Tela ya fita yana waiwayen Kwastan. "Kin ga ni ko? Kaya masu kyau kika kama, Hajiya Kwastan. A sake mini lodina."

Sista ta ce mata ta ci gaba da sa ido, amma ta bar jan tsofaffi a ƙasa sai da dalili. Kwastan ta fito ranta a jagule. Tana wucewa ta kicin kuku ya tare ta da ƙorafi, wai kullum da safe sai ya tarar gorar ruwan sanyi ɗaya ta ɓace daga firji, can anjima kuma ta dawo a cike, ba a sha ko kurɓi ba. Da farko ta ɗauka kukun ne ke neman rufe wata ɓarnarsa. Sai da ta kai gida, tana tsaye a kan mijinta yana cuɗa yatsu, abin ya faɗo mata. Wa zai saci ruwa ya mayar bai sha ba?

Kullum daga ƙofar shiga take fara awo, ta ƙare a ɗakin Hedimasta. Washegari sai ta zagaya ta baranda, ta shigo ta ƙofar baya. Ta tarar da Tela a kujerarsa ya miƙa wuya yana gadin ɗaya ɓangaren, ta raɓa ta bayansa ta tura ƙofar. Hedimasta na zaune a bakin gado, ya manna gorar ruwan sanyi a goshi, idonsa a rufe. Amarya na kan kujera tana naɗe gefen mayafinta tana warwarewa.

"Ranka ya daɗe, goshin ne ke jin ƙishirwa?"

Ya buɗe ido. Bai sauke gorar da sauri ba, a hankali ya ajiye ta, kamar mai ajiye alli.

"'Yata, tura ƙofar."

"Ba na rufe ƙofa a kan cuta." Ta wuce ta buɗe taga, ta kashe rediyo. Ta sa safar hannu ta taɓa wuyansa, ta ji shi da zafi rau kamar dutsen guga. Da rediyon ya yi shiru, sai tarin ya fito da kansa, mai nauyi, daga can ƙasa.

"Ki saurare ni," in ji shi bayan ya samu numfashi. "Kin tuna lokacin da aka yi mini aikin ido aka kwantar da ni asibiti? Me Amarya ta ci? Sai da aka sa mata ƙarin ruwa, aka ɗaure mata hannu don kada ta fizge. Cutar nan tana iya kama ta, tana iya ƙyale ta. Amma in kika kai ni Tasha, yunwa ba za ta ƙyale ta ba."

"A layin nan akwai mai asma, Baba. Akwai masu ciwon suga. Akwai wadda numfashinta ma da inji take yi. Su kuma wa zai roƙa musu?"

"Ba na fita. Ba na taɓa kowa."

"Gorar nan ina take komawa? Wannan ɗan leƙen asirin naka da ke ɗauko ta, a ina yake cin abinci?"

Tela, wanda ya zuro kansa, ya mayar da shi.

Hedimasta ya ce, "Na zaci ke mutum ce."

"Ni ma na zaci kai hedimasta ne."

Ta faɗa da ƙarfin hali, amma da ta fito sai da ta tsaya a bakin famfo ta daɗe tana wanke hannun da safa ta riga ta kare, kafin ta nufi ofishin Sista.

Kafin azahar likita ya zo. Aka mayar da Hedimasta Tasha, yana tafe da kwat ɗinsa da 'yar jakarsa, bai kalli kowa ba. Aka rufe ziyara, aka hana cin abinci a babban ɗaki, kowa a nasa. Ma'aikata suka shiga goge mariƙin ƙofa da hannun kujera da maɓallin fitila, har gorunan firji aka wanke da ruwan zafi. Duk da haka ba a tsira gaba ɗaya ba. Tarin sha'awar Tela ya koma na gaske, har sai da aka kai shi asibiti, wata tsohuwa a layin ita ma ta kwanta. Amarya kuwa, ikon Allah, ko atishawa ba ta yi ba. Sai dai ta rufe baki.

Sista ta gwada ba ta abinci, Amarya ta kawar da kai. Kuku ya dafa mata shinkafa mai laushi da romo, ya kawo da kansa, ta kalle shi kamar ya zo karɓar ɗakin. Babbar 'yarta ta yi ta lallashi ta waya, Amarya ta saurara da ladabi, ta ce a gaida mutanen gida. Ruwa kawai take ɗan kurɓa, shi ma sai ta ga an tara daga famfo a gabanta. Da Kwastan ta zo da tire, Amarya ta ƙura wa takunkuminta ido.

"Wace ce wannan mai ɓoye baki?"

"Ni ce, Mama. Ga abinci."

"Me kika zuba a ciki?"

"Ba komai, wallahi."

"Kowa haka yake cewa. Ban yarda da ke ba."

Da Kwastan ta ba mijinta labari ya yi dariya har da riƙe ciki, wai yau an tare Kwastan a kan iyaka. Da ya ga ko hannunsa ba ta duba ba, sai dariyar ta tsaya. Likita ya riga ya faɗa: in Amarya ta ƙara wuni ba ta ci ba, asibiti za a kai ta a zura mata robar abinci ta hanci. Kwastan ta san abin da wannan ke nufi ga matar da ko labulen ɗakinta aka canza sai ta wuni tana kuka. Kuma ita ce ta tura ƙofar nan.

Abin da ta iya shi ta koma yi, wato zargi. Ta ce a ranta tsohon nan bai gama faɗin gaskiya ba. Mutum ba ya rufe ƙofa don ya ba matarsa shinkafa sai in akwai wani abu. Da safe ta zagaya baranda ta ƙwanƙwasa gilashin Tasha. Ya taso da ƙyar, ya rame, gemu ya fito masa fari fat.

"Ta ci?" Muryarsa na fitowa ƙasa ƙasa ta cikin gilashin.

"Ba ta ci ba. Baba, me kake yi in ka rufe ƙofa?"

"Abinci nake ba ta."

"Kafin nan."

Ya sunkuyar da kai kamar ɗalibin da aka kama da amsa a tafin hannu. "Ni nake fara ci. Tun da tunaninta ya taɓu take ganin ana zuba mata wani abu. Sai na ɗiba a kwanonta na ci a gabanta, na haɗiye, na ce gishiri ya yi. Sannan na ba ta da cokalin."

"Da wane cokalin?"

"Shi dai."

Kwastan ta dafa bango. "Cokali ɗaya? Da zazzaɓin? Baba, kashe ni za ka yi?"

"Ba mahaukaci ba ne ni. Tun da na ji jikina na koma cokali biyu. Ɗaya a hannun kwat, in na ci sai na musanya ba ta gani ba. Da na faɗa miki tun farko ai da kin sa an kama ni."

"Da na sa," in ji ta.

Ta je ta gaya wa Sista. Sista ta ce a yi a baranda inda iska ke kaɗawa, taga ta zauna a rufe, kuma in za ta sauke takunkumi ta ja da baya. Kwastan ta turo Amarya a keke har gaban gilashin, ta ajiye tire a kan ɗan tebur, ta soke cokali na biyu a hannun rigarta. Ta ja da baya, ta sauke takunkumi, ta ɗibi shinkafa daga kwanon ta kai baki. Ta tauna da ƙarfi yadda kowa zai shaida, ta haɗiye, ta buɗe baki ta nuna.

"Gishiri ya yi," in ji ta, kamar mai ba da shaida a kotu.

Ta mayar da takunkumi, ta matso, ta yi ƙoƙarin musanyawa. Amma hannun da ya saba kama masu ɓoye abu bai iya ɓoyewa ba. Cokalin ya zame ya daki gefen kwano, ƙwal.

Amarya ta nuna shi da yatsa. "Ba wannan ba ne. Ina wanda kika ci da shi?"

A bayan gilashi Hedimasta ya dafe kai. Kwastan ta tsaya da cokali biyu, ɗaya a kowane hannu. Ba za ta sa wa tsohuwa cokalin da ya fito daga bakinta ba, a wannan watan, ko da sama za ta faɗo. Ba kuma za ta mayar da tiren nan a cike ba.

"Ga shi, Mama. Amma bakina ya taɓa shi. Bari in wanke."

Ta aika kuku ya kawo roba da ruwan zafi da sabulu. A gaban Amarya ta wanke cokalin, ciki da baya da mariƙi, ta ɗauraye, ta ɗaga shi a rana. Amarya ta miƙo wuya ta duba, ta juya kai hagu da dama.

"Ƙara ɗauraye shi."

Kwastan ta dube ta. Shekara da shekaru tana aikin nan, ba wanda ya taɓa ce mata ta ƙara. Ta ƙara, da zuciya ɗaya.

"Yawwa," in ji Amarya. "Ke kin san abin da kike yi. Sauran duk ƙazamai ne."

Ta buɗe baki. Lomar farko ta daɗe tana juya ta. Ta haɗiye. Ta karɓi ta biyu, da ta uku. Kuku ya juya ya koma kicin yana share ido da gefen riga, wai hayaƙi ne. Hedimasta ya jawo kujera ya zauna dab da gilashi, ya kafa tafin hannunsa a jiki, duk lomar da ta shiga sai leɓensa ya motsa.

An kusa rabin kwano Amarya ta lura da shi. Ta daɗe tana kallon ramammen tsohon nan mai farin gemu, sannan ta yafito Kwastan ta matso, ta rage murya.

"Wancan tsohon da ke leƙenmu, kin san shi?"

"Na san shi, Mama."

"Ki sa masa ido."

"Na sa. Buɗe baki."

Hedimasta ya ga sun yi magana sun dube shi. Ya ƙwanƙwasa gilashin da ɗan yatsa, fuskarsa ta washe.

"Me ta ce? 'Yata, me ta ce?"

Kwastan ta ɗebo wata lomar, ta goge ƙasan cokalin a bakin kwano.

"Ta ce ka koma ka kwanta, ka sha maganinka."